Ranar da Aka Tafa wa Tsawa

Abin da ya ɓata fashin shagon wayoyin nan abu ɗaya ne: babu wanda ya ji tsoro.

Bindiga ba ta ƙi tashi ba. Mota ba ta mutu ba. Har ƙofa an riƙe musu. Amma shugaban 'yan fashin, wanda ake kira Tsawa, ba shi da wata kadara a duniya sai tsoronsa da ake ji. Ba gida, ba sana'a, suna kawai. Babu wanda ya san fuskarsa, don kullum a rufe yake aiki, amma kowa ya ji labarin muryarsa. An ce ya taɓa daka wa wani mai gadi tsawa, mutumin ya suma a tsaye da sanda a hannu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Tsawa bai taɓa musantawa ba.

Shawarar daga ƙanin matarsa ta fito, wani siriri da ake kira Makulli. Da can yana aiki da kamfanin da ke sa wa shaguna kyamara da ƙararrawa. An kore shi ne bayan ya yi barci a cikin silin ɗin wani ofis, ya juya, ya faɗo a kan teburin mai ofishin.

A bayan wani gareji suka haɗu, cikin wata matacciyar bas marar tayoyi. Su uku ne, na ukun direbansu Birki.

"Yaya, saurare ni da kyau," in ji Makulli. "A ƙarƙashin kantar shagon akwai maɓalli. Da hannuna na ɗaura shi. Kashiya na taɓa shi, jar fitila ta kama a ofishin 'yan sanda. Kafin ka gama cewa a kwanta sun iso."

"To uban me ya sa ka tara mu?"

"Jibi kamfanin zai yi musu gwaji. Za a kawo 'yan wasa da bindigogin katako su yi kamar fashi, a ga yadda ma'aikata za su yi. An riga an gaya wa 'yan sanda, in fitilar ta kama ranar su kau da kai. 'Yan wasan sai da rana za su zo. Mu kuma mu riga su."

Birki ya yi dariya har ya ƙware.

"Wato fashi da izinin hukuma! Shege Makulli, ashe faɗowar nan ba a kan kai ka yi ta ba."

"Sharaɗi ɗaya ne," Makulli ya ɗaga yatsa. "Ban da harbi. Layin fashi kaɗai za a kashe. Layin gobara daban yake, yana nan da ransa. A silin akwai na'urar da ke shaƙar hayaƙi, akwai bututun ruwa da 'yar jar kwalba a bakinsa. Ka taɓa ɗaya, sai dai mu fita da iyo."

Tsawa ya shafa bindigarsa. Harsashi ɗaya ne a cikinta, kuma ya daɗe a ciki har ya zama kamar ɗan gida.

"Ni ba na harbi," ya ce. "Murya ta isa."

Ranar, da hantsi, Birki ya faka a bakin layin bai kashe injin ba. Tsawa da Makulli suka ja hulunan rufe fuska. Suka tsallaka titi da gudu. Tsawa ya ɗaga ƙafa zai banke ƙofa, sai tsohon mai gadin ya buɗe ta da kansa, ya sara masa.

"Sannunku da zuwa. Kun yi sammako."

Ƙafar ta sauka a iska. Tsawa ya yi tangal-tangal ya faɗa ciki. Ya cika ƙirji, ya saki muryar nan.

"KOWA YA KWANTA!"

Gilasan kanta suka yi rawa. Wani biro ya gangaro daga tebur ya faɗi.

Sai wani ya tafa. Sauran suka biyo shi.

"Kai, wannan ya iya!" in ji wata mai shara. "Har tsigar jikina ta ɗan tashi."

Ma'aikatan suka kwanta, amma a hankali, kowa a kan kwalin da ya shimfiɗa tun safe don kada kayansa su yi datti. Wani ma da matashi ya zo. Mai gadin ya dafa kafaɗar Tsawa.

"Ɗana, an ce ni in suma. A ina zan suma? Nan bakin ƙofa rana ta yi yawa."

"Zan fasa maka kai, tsoho!"

"To bari in yi a can kusa da fanka."

Ya tafi ya cire takalmansa, ya jera su, ya suma.

Manajan shagon ya fito daga ofis da taye da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo.

"Malam, don Allah maimaita ihun nan. Ban danna ba tukuna."

Tsawa ya ɗora masa bakin bindiga a goshi. Manaja ya ƙanƙance ido ya duba ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Kafintan nan ya san aikinsa. Har sanyi take yi kamar ƙarfe. Amma shawara, ka ɗan rage murya. Ta yi yawa. Ba a gaskatawa."

A bayan kanta kuwa kashiya tana zaune daram. Dattijuwa ce da tabarau, kowa a shagon Anti yake ce mata, har Manaja.

"Ke! Ba ki ji ba? Ƙasa!"

"Likita ya hana ni, ɗana. Gwiwa. In na kwanta sai mutum huɗu ne za su tashe ni. Matsa kaɗan in danna maɓallin, ka tare min."

Wallahi Tsawa ya matsa. Shi kansa bai san lokacin da ya matsa ba. Ta danna, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka karya kuwa? Aikin nan nawa suke ba ku ma? Ka nemi sana'a, wasan kwaikwayo ba ya riƙe iyali."

A ofishin 'yan sanda jar fitila ta kama a bango, tana ƙyaftawa. Sajen da ke kan tebur ya dube ta, ya cire hularsa ya rataya a kanta, ya ci gaba da yanke farce. Amma Sufeto, shugaban ofishin, yana ciki yana goge takalmi. Shi kamfanin ya gayyata ya yi jawabi a ƙarshen gwajin, a ɗauki hoto. Ya leƙo ya ga hular tana ja tana baƙi.

"Saje! An fara?"

"Da alama, ranka ya daɗe."

"An fara ba ni? Jawabin da na haddace fa? Kawo mota!"

Ya fita da takalmi ɗaya a goge. Bindiga ko tunawa da ita bai yi ba.

A shago, Manaja ya jawo wata babbar baƙar jaka daga bayan kanta ya ajiye a gaban Makulli.

"Ga shi. Tun jiya muka shirya muku, kada ku wahala."

Makulli ya zuge kaɗan. Kwalayen sababbin wayoyi, cike fal. Ya kusa rawa.

"Yaya, an gama. Mu tafi."

"Ban gama ba." Muryar Tsawa ta koma ƙasa. "Ko mutum ɗaya bai yi kuka ba."

"Kuka muka zo ɗauka? Ga kaya! Mu sheƙa!"

"Dubi wancan. Minshari yake yi."

"Yaya, don girman Allah. Ka tuna yayata da yara."

Tsawa ya sauke bindigar. Ya juya. Taku uku ya rage ya kai ƙofa, sai ƙofar ta buɗe, Sufeto ya shigo yana haki.

Makulli ya sandare da jaka a kafaɗa.

"Wuce, wuce," Sufeto ya riƙe masa ƙofa. "Kai ka gama naka. Wannan ne babban? Zo nan, mutumina, kai za mu yi amfani da kai."

Makulli ya wuce kamar iska. Sufeto ya kama hannun Tsawa ya girgiza, ya rungumo kafaɗarsa, Manaja ya ɗauki hoto. Aka tashi ma'aikata, aka tashi mai gadi da ƙyar don barcin ya yi nisa. Sufeto ya gyara murya.

"Jama'a, kun yi ƙoƙari. Amma ku sani, wannan wasa ne. Ɗan fashi na gaske ba ya riƙe bindiga haka, kamar mai riƙe ludayi. Kawo hannunka. Haka ake yi. Ka gani?"

Ya gyara wa Tsawa riƙon. Tsawa ya dubi waje. Ta ramukan hular yana hango ƙofa a buɗe, yana hango motar Birki a bakin layi. Da ya ce fitsari yake ji, da shi ke nan, da yanzu yana gida.

"Ranka ya daɗe," in ji Anti, "ka taɓa gamuwa da na gaske? Kamar wannan da ake cewa Tsawa?"

Sufeto ya yi dariya ya riƙe ciki.

"Tsawa? Ido da ido! Wani gajere ne mai tumbi, ko kafaɗar wannan bawan Allah bai kai ba. Muryar da ake ta faɗa kuwa lasifika ce yake ɓoyewa a riga. Ranar da na rutsa shi, tari kawai na yi, ya jiƙa wandonsa. Ya durƙusa yana ce min Baba. Tausayi ya sa na ƙyale shi."

Shago ya ɗauki dariya. Mai shara har da hawaye.

"Ƙarya kake yi," in ji Tsawa.

"Na'am?"

"Ƙarya kake yi, ɗan iska! Ni ne Tsawa!"

"Yauwa!" Manaja ya ɗaga waya. "Wannan ya fi na ɗazu. Ci gaba, ci gaba!"

Tsawa ya ɗaga bindigar sama. Riƙon da Sufeto ya koya masa ya yi.

Tau!

Harsashin nan da ya yi shekara da shekaru bai taɓa komai ba, ranar sai ya sami 'yar jar kwalbar a tsakiyarta. Hayaƙi ya tashi. Na'urar silin ta shaƙa. Ƙararrawa ta ɓarke, ruwa ya ɓalle kamar an yage sama, wata muryar mace daga lasifika ta fara cewa, "Gobara. A fita a hankali. Gobara. A fita a hankali."

A bakin layi Makulli ya riga ya faɗa mota.

"Ja!"

"Oga fa?"

"Ka ji harbi ko ba ka ji ba? Ja! Yayata kyakkyawa ce, za ta sami wani."

Birki ya ja.

A cikin shago kowa ya jiƙe sharkaf, amma tafi ake yi.

"Har da na gobara suka haɗa mana!" mai gadi ya yi ihu. "Kamfanin nan ba ya ha'inci!"

Manaja ne kaɗai ya daina dariya, yana kallon ruwa na sauka a kan kayan da ke kanta. Anti ta buɗe lema. Sufeto ya yi wa Tsawa magana a kunne: "Harsashin wasan nan naku ya cika ƙarfi, ku sake kamfani."

Tsawa ya ture shi ya nufi ƙofa. Wii-wii-wii! Motar 'yan kwana-kwana ta shigo layin ta toshe shi daga bango zuwa bango. Su babu wanda ya ce musu gwaji ake yi. Suka diro da mesa. Inda motar Birki take kuwa, ɗigon baƙin mai ne kawai a ƙasa.

A daidai lokacin wata 'yar farar mota ta tsaya ta ɗaya ɓangaren. Mai kamfanin ƙararrawa ne ya iso da 'yan wasansa. Su uku, ramammu, da safa a fuska da bindigogin katako, fentin ɗaya ma bai gama bushewa ba. Suka ga ruwa, suka ga taro, suka ɗauka an shirya musu ne. Suka ruga ciki. Na gaban ya buɗe baki, wata 'yar siririyar murya ta fito kamar ta ɗan akuya.

"Ko... kowa ya kwanta, don Allah."

Mai shara ta dubi Tsawa, ta dubi su ukun.

"In wannan ne na gwaji," ta ce a hankali, "to waɗannan fa?"

"NA GASKE NE!"

Shago ya hargitse! Manaja ya yi tsalle ya faɗa bayan kanta. Anti, mai ciwon gwiwa, ta baje a ƙasa cikin ruwa tana salati. Mai gadi ya suma, wannan karon da takalmansa. Sufeto ya shige ƙarƙashin tebur ya jawo kujera ya rufe. Wani ya kama ƙafar Tsawa yana kuka.

"Malam, ka cece mu! Ka yi musu ihun nan naka ko za su tsorata!"

Tsawa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar shago, ruwa na zuba a kansa. Ya dubi ɗan wasan mai muryar akuya, baƙin fenti na bin hannunsa. Ya dubi mutanen da ke kuka a ƙasa. Kukan da ya nema tun safe ga shi nan, amma ba nasa ba ne.

Mai kamfanin ne ya fara ganewa. Ya shigo da gudu yana cewa nawa ne, nawa ne, katako ne. Ya je ya rufe ruwan, ya kashe ƙararrawar. Sannan ya ƙirga 'yan wasansa da ido. Uku ya kawo. Ga huɗu. Ya ɗaga kai ya ga ramin harsashi a silin. Ya jawo Sufeto daga ƙarƙashin tebur, suka yi ƙus-ƙus a lungu, fuskar Sufeto tana canza launi. Suka dawo tare suka sa Tsawa a tsakiya.

"Bawan Allah," mai kamfani ya yi ƙasa da murya, "ban san ka ba, ba na kuma son in san ka. In aka ji sirrin ranar gwajina ya kai kunnen 'yan fashi, babu shagon da zai sake ɗaukar kamfanina. Shi kuma ranka ya daɗe ga hotonsa yana rungume da kai. Jakar da abokinka ya ɗauka, wayoyin talla ne na roba, ko batir babu. Ba a saci komai ba. Ruwa kuma ni zan gyara. Ka ce kai namu ne. Ka ce gwaji ne. Kalma ɗaya, ka bi ta ƙofar baya."

"Ka faɗa mana," Sufeto ya haɗa hannu. "Ni ma ina da iyali."

Tsawa ya dubi ƙofar baya. Ƙararrawar gobara ta riga ta buɗe ta, haka aka yi ta. A buɗe take wangam, har ana hango rana a waje.

"Maganar wandon fa?" ya ce.

"Wane wando?"

"Ka tsaya a gabansu ka ce ƙarya ka yi."

Sufeto ya waiwaya. Ma'aikata sun fara tashi, duk ido a kansa.

"Haba, mutumina. Wannan ai... kai ma ka san ba zai yiwu ba. Mene ne a ciki? Wa ya san ka?"

Tsawa ya cire hular. Fuska ce ta mutum kawai, da furfura a gemu da ƙaton hanci, irin wadda za ka zauna kusa da ita a mota ka manta. Ya hau kan kanta da takalmansa.

"Ku dube ni! Ni ne Tsawa! Ni na shiga ma'ajiyar siminti! Ni na tare motar albashi a kan gada! Ba lasifika, ba tumbi! Wannan bindiga ce ta gaske, kuma fashi na zo yi muku!"

Manaja dai, daga bayan kanta, bai daina ɗaukar bidiyo ba. Komai ya shiga.

Anti ta goge tabarau da bakin mayafinta ta dube shi da kyau.

"To ɗana," ta ce, "mun ji. Sauko kada ka zame."

'Yan kwana-kwana ne suka sauke shi, da mesa. Sufeto bai zo da ankwa ba, sai da aka ari tayen Manaja.

Su Makulli ba su yi nisa ba. A cikin jakar akwai wata na'ura da kamfanin ke son gwadawa, wadda ke ihu in an fita da ita daga unguwa. A tsakiyar cunkoson shataletale ta fara: "An sace ni! An sace ni!" Birki ya buɗe ƙofa ya tunkuɗa Makulli waje da jakarsa, ya hau kan tsibirin titi ya ɓace. Har yau ba a gan shi ba. Makulli kuwa jama'a suka karɓe shi. Haƙora huɗu ya bari a wurin saboda wayoyin roba. A kotu shi ne babban mai shaida, kuma da alƙali ya tambaye shi ko yana tsoron wanda ake ƙara, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a gida ko kyanwa ba ta tashi masa daga kujera."

An ƙara wa Sufeto girma. An ce tarko ya ɗana, da kansa ya shiga ba makami. Kamfanin ya sami sababbin shaguna har ya rasa ma'aikata, yana nuna bidiyon a matsayin talla.

Tsawa ya amsa komai. Har wanda ba a tambaye shi ba ya amsa, har wanda wasu suka yi ya ce shi ne. Lauyansa ya riƙe kai. Alƙali ya ba shi shekara goma sha huɗu, ya karɓa yana murmushi, don a ganinsa ba a ba ɗan wasa irin wannan.

Amma bidiyon ya riga shi isa gidan yari. Ranar da aka shigar da shi, ya tsaya a bakin ɗaki, ya cika ƙirji, ya daka wa mutanen ciki tsawa su ba shi wuri. Kwanon wani ya yi rawa a ƙasa. Wani tsohon fursuna ya ɗago kai daga bargo ya dube shi, ya dubi sauran.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Gwaji ne."

Gwaji, sunan da ake kiransa da shi ke nan a can har yau. Gandirobobi ma haka suke kira in ana ƙirga mutane da safe. Da farko ba ya amsawa. Da aka hana shi abinci sau biyu, ya fara amsawa.